Takardar da Malam Sodangi Ya Rubuta wa Joji

Malam Sodangi da Malam Mijinyawa a zaure ɗaya suka yi karatu a Sifawa, gaban Malam Yahaya, shekara goma sha ɗaya. Duk wanda ya zauna a wannan zaure ya san Sodangi ne a gaba. Shi ake miƙa wa littafi idan malam ya gaji, shi ke warware mas'alar gado tun kafin a gama karanto ta. Mijinyawa kuwa mai nauyin kai ne, sai an maimaita masa abu sau uku, sannan ya koma gefe yana bita yana gyaɗa kai. Sau da yawa Sodangi ne ke zama da shi bayan la'asar yana sake masa bayani, kuma yana jin daɗin wannan zaman ƙwarai.

Shekarar da aka aiko daga Sakkwato ana neman wanda zai yi muhuti a kotun Bodinga, wato mai taya alƙali rubutu da duba littattafai, Sodangi aka fara tuntuɓa. Ya ce shi ba zai zauna a shari'ar da Nasara ke duba littafinta ba. Ya faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji. A ransa ya ɗauka za a dawo a roƙe shi, in ya so a karo na biyu ko na uku ya karɓa, yana nuna dole aka yi masa. Ba wanda ya dawo. Malam Yahaya ya juya ya ce wa Mijinyawa ya haɗa kayansa.

Sodangi ya koma garinsu Shagari, ya buɗe makaranta a zauren mahaifinsa. Da damina ya noma gero, da rani ya karantar da manya da safe, yara da yamma. Ya sami suna gwargwado, har daga Kajiji da Mandera ana zuwa masa da tambaya. Da abin ya tsaya nan da ya zauna lafiya. Amma bayan shekara goma sha huɗu tsohon alƙalin Bodinga ya rasu, aka kira Mijinyawa Sakkwato aka naɗa masa rawani.

Labarin a kasuwa ya iske Sodangi, yana cinikin igiyar jaki. Ya ce Allah ya sa alheri, ya bar igiyar ya koma gida. Ranar bai ci tuwo ba.

Tun daga lokacin ba abin da ya shafi Mijinyawa da ke wuce kunnensa. An ce ya sayi doki. An ce hakimi da kansa kan miƙe idan ya shigo. An ce ya sake rufin zaurensa da azara. Sodangi ba ya tambaya kai tsaye, amma ya iya jan mutum da hira har sai ya faɗa. Kowace Sallah Mijinyawa kan aiko masa da riga da gaisuwa, ya kira shi yaya kamar dā. Sodangi kan karɓi rigar ya jefa cikin adaka. Ba ya sawa, ba ya kuma bayarwa.

A karatun safe kuma bakinsa ya sami sabon zance. Yakan ce a dā alƙali Allah yake tsoro, daga nan sai littafi. Yanzu kuwa Joji yake tsoro, Baturen da ke yawon rangadi yana buɗe littafin kotu, ya soke abin da ya ga dama da jan alƙalami. Yakan ce an bar wa malamai rawani da buzu, an ɗauke hukuncin an kai bariki. Mutane na gyaɗa kai, don akwai gaskiya a maganar, kowa ya gani da idonsa. Matarsa Atika kaɗai ta lura cewa shekara goma sha huɗu Joji na duba littafin kotu Malam bai taɓa ɗaga murya haka ba, sai da rawani ya hau kan Mijinyawa.

Wata rana ta ce masa, "Malam, wa'azin nan naka, Nasara kaka yi wa ko ƙanenka?"

Ya ce ta kula da tukunyarta. Ta kula da ita.

A shekara ta uku da naɗin, bayan an cire albasa, wani manomi mai suna Husaini ya yi sallama a zauren Sodangi. Daga wani ƙauye yake a ƙasar Bodinga, ya yi tafiyar yini a kan jaki. Wansa Tukur ne ya rasu ya bar fadama mai kyau, wadda ba ta rasa ruwa ko da bazara. Matar Tukur ta riga shi rasuwa ba ta haihu ba. Abin da ya bari shi ne yarinya ɗaya, Safinatu, wadda ya haifa da Mairo. Ita Mairo ba aure aka ɗaura mata ba. 'Yar baiwar gidansu ce, mahaifinsu ya ba Tukur ita sa-ɗaka tun tana budurwa, yadda aka saba a manyan gidaje.

Husaini ya ce, "Allah shi gafarta Malam, alƙali ya raba hwadama biyu. Rabi yab ba ɗiyar kuyanga, rabi ni. Anka ce in zo wurinka, kai ka hi shi sani."

Wannan kalma ta ƙarshe ta shiga Sodangi har cikin ƙashi. Ya gyara zama, ya tambaya ko Tukur ya taɓa musun yarinyar. Husaini ya ce a'a, shi ya yanka mata rago, shi ya raɗa mata suna. Sodangi ya san hukuncin daidai ne. 'Yar sa-ɗaka 'ya ce, idan ita kaɗai ce rabi nata, saura na ɗan'uwa. Ko shi aka kawo wa, abin da zai yanke ke nan. Ya buɗe baki zai faɗa, sai wata tambaya ta riga fita.

"Ita Mairo, yaushe anka haihe ta?"

Husaini ya yi tunani, ya ce bayan shigowar Nasara Sakkwato da damina biyu, don marigayiya uwarsu takan faɗa.

Sodangi ya lissafa shekarun a ransa. Kowa ya san dokar da Nasara suka kafa, cewa duk wanda aka haifa bayan zuwansu ɗa ne, ba bawa ba. Alƙalai sun san ta, suna kauce mata da dabara, ba sa rubuta kalmar bauta a littafi. Amma ya san Mijinyawa. Mutum ne da ba ya iya kwana-kwana, abin da ya gani shi zai rubuta.

Ya ce, "Mi alƙali yar rubuta a kan uwar?"

Husaini ya ce ya ji muhuti ya karanta da ƙarfi, baiwar Tukur.

Sodangi ya sa aka kawo wa baƙo fura. Ya ɗauko tawada da takarda, ya feƙe alƙalami. Ya rubuta da ajami, da sunan Husaini, zuwa ga Joji, cewa alƙalin Bodinga ya mai da 'yantacciyar mace baiwa a littafin kotu, ya gina hukunci a kai, ya saɓa dokar Gwamna. Ya zaɓi kalmomin da kyau, don ya san irin waɗanda ke tayar da Bature. Da ya gama ya naɗe ta, ya ce wa Husaini ya kai Sakkwato da kansa, kada kuma ya ce ga wanda ya rubuta.

Bayan tafiyar Husaini ya zauna yana faɗa wa kansa cewa ba ƙarya ya rubuta ba. Ya ce ai dama so yake mutane su gani da idonsu wane ne mai hukunci a ƙasar nan. Ya maimaita wa kansa wannan har ya kusa yarda.

Kwana ashirin bayan haka, da hantsi, ana cikin karatu, doki ya tsaya a ƙofar zauren. Mijinyawa ne, shi kaɗai, ba ɗan rakiya. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gai da Sodangi gaban ɗalibansa. Ya yi ƙiba, gemunsa ya fara fari, rawaninsa fari tas. Sodangi ya dubi rawanin ya dubi tasa hular da ta koɗe, ya sallami ɗalibai.

Mijinyawa ya ba shi labarin shari'ar tun daga farko, bai san ya riga ya sani ba. Ya ce Joji ya aiko, zai zo Bodinga ranar Litinin, kuma ya ce lalle a goge kalmar baiwa.

"Yaya, in nig goge ta, Mairo ta zama ɗiya, ba baiwa ba. In ta zama ɗiya, babu aure tsakaninta da Tukur, babu sadaki, babu shaidu. Ke nan yarinyar ba ta da uba. Ba hwadama kaɗai za ta rasa ba, har sunan mahaihinta. Kwana bakwai ina juya littattahai ban ga ƙohwa ba. Kai ka hi ni sani tun muna yara. Akwai mahita?"

Akwai, kuma Sodangi ya gan ta tun ranar da Husaini ke shan fura a zaurensa. Ko da Mairo 'ya ce, Tukur ya zauna da ita yana ganin halalinsa ce, duk gari ma haka suke gani. Abin da aka haifa a irin wannan zama na shubuha ana danganta shi ga uban, ya ci gadonsa. Malam Yahaya ya taɓa karanta musu wannan babi wata rana da Mijinyawa ke kwance da zazzaɓi. Sodangi har ya tuna gefen shafin da abin yake. Magana ce ta numfashi biyu. Da ya faɗe ta, alƙali ya goge kalmar, Joji ya gamsu, yarinya ta riƙe rabonta.

Ya dubi mutumin da ke durƙushe gabansa. Ya hango shi ranar Litinin yana warware mas'alar gaban Joji da hakimi da jama'a, ana cewa kai, alƙalin Bodinga akwai ilimi. Ba wanda zai ce daga Shagari aka samo ta.

Ya ce, "Ni mi nas sani? Ni malamin ƙauye na. Ku ad da shari'a, ku da Joji."

Mijinyawa ya ɗan jima yana kallon tabarma. Sannan ya yi godiya, ya ce a gai da Atika, ya hau dokinsa. Ko ruwa bai tsaya sha ba, don yana son ya isa gida kafin magariba.

Ranar Litinin Sodangi ya tafi Bodinga. Ya ce wa Atika zai duba wani littafi ne wurin wani malami. Ya tsaya can baya cikin taro a ƙofar kotu, ya ja gefen rigarsa ya rufe rabin fuska. An kafa wa Joji tebur a gindin durumi, dogo ne mai jan wuya, yana jin Hausa amma ya fi son ya yi magana ta bakin tafinta. Littafin kotu na buɗe a gabansa, takardar Husaini na gefe an danne ta da dutse. Mairo na zaune a ƙasa ta lulluɓe, Safinatu na jikinta, yarinya 'yar shekara goma sha biyar mai dogon wuya irin na dangin Tukur, wanda duk mai ido zai gani.

Joji ya ce shi ba ruwansa da rabon gado, wannan sha'anin addininku ne, Gwamna ya yi alkawari ba zai sa hannu a ciki ba. Abu ɗaya ya sani, babu bawa a ƙasar nan, kuma ba za a rubuta akwai ba a littafin da ke ƙarƙashinsa. Ya tura littafin gaban alƙali, ya ce ya gyara.

Mijinyawa ya ce, "Ranka shi daɗe, kalmar da kaka son in goge, ita ta riƙe gadon. In ka taɓa ta ka taɓa shi."

Joji ya ce wannan matsalar alƙali ce, ba tasa ba.

Mijinyawa ya ce shi dai ba zai sa hannunsa ya raba yarinya da ubanta ba, alhali ya san 'yarsa ce. Bai ɗaga murya ba, har ma kamar yana ba da haƙuri. Joji ya sake tambaya sau biyu, amsar ba ta canza ba. Ya rufe littafin, ya ce zai kai magana Sakkwato. Da Mijinyawa ya sunkuya zai yi sallama, idonsa ya sauka kan takardar da ke ƙarƙashin dutse. Ya daɗe yana kallonta fiye da yadda ya kamata, sannan ya miƙe.

Kafin wata ya ƙare aka sauke Mijinyawa daga alƙalanci.

Sodangi ya sa aka wanke masa babbar rigarsa, ya zauna jiran manzo daga Sakkwato. A ganinsa duk ƙasar ba wanda ya kai shi, kuma wannan karon ya yi niyyar ba zai ja rai ba. Manzo bai zo ba. Aka turo wani saurayi mai suna Malam Maniru, wanda ya yi makarantar alƙalai ta Gwamnati, yana rubuta boko da ajami duka. Maniru ya goge kalmar a ranar da ya fara zama, ya ce zai sake duba gadon bayan Sallah. Husaini bai jira ba, ya shiga fadamar duka ya fara gyaran hanyoyin ruwa, ya ce wa Mairo ta nemi wurin zama.

Abin da Sodangi bai taɓa kawowa a ransa ba shi ne abin da ya biyo baya. Mijinyawa ya sayar da doki, ya koma Sifawa, ya share zauren marigayi Malam Yahaya ya zauna. Nan da nan labari ya bazu har Kajiji, cewa ga alƙalin da ya ajiye rawani don kada ya saɓa wa shari'ar Allah. Mutane suka fara tafiya Sifawa a ƙafa don su gaishe shi kawai. Manyan ɗaliban Sodangi uku suka zo suka nemi izini, suka ce suna son su je su sami albarka. Ɗaya daga cikinsu har ya ce, "Ai shi yay yi abin da Malam ya daɗe shina hwaɗi."

Wannan ta fi rawanin ciwo. Shekara uku yana wa'azi a kan alƙalan da ke tsoron Joji, ga shi wa'azin nasa ya zama riga an sa wa Mijinyawa. Da rawanin ne, yana iya cewa na Nasara ne. Wannan kuwa ba shi da abin da zai ce a kansa. Ya rame, ya riƙa yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ba.

Ranar da Maniru ya sa za a sake zaman gadon, Sodangi ya sa wankakkiyar rigar ya tafi Bodinga da littafi a hammata. Wannan karon a gaba ya zauna. Da alƙali ya ce bisa ga abin da ke rubuce yanzu ba aure ba mallaka, don haka yarinya ba ta da gado, Sodangi ya nemi izinin magana. Ya buɗe littafin daidai shafin, ya karanta Larabcin da murya mai daɗi, ya fassara, ya kawo misali biyu. Ya yi bayanin shubuha yadda har masu sayar da albasa da ke bakin ƙofa suka gane. Maniru ya karɓi littafin ya karanta da kansa, ya sake karantawa, ya ce haka ne. Ya mayar wa Safinatu rabinta, da sunan ubanta, ba tare da an kira uwarta baiwa ba. Da aka kai wa Joji littafin a rangadi na gaba, ya duba bai ga kalmar da yake nema ba, ya sa hannu ya wuce.

Mairo ta rarrafo ta durƙusa gaban Sodangi tana kuka tana sa masa albarka. Husaini ya tsaya daga nesa yana kallonsa baki buɗe, amma bai ce komai ba, don in ya tona shi ya tona kansa. Sodangi ya karɓi gaisuwar mutane yana sauraron ko wani zai ce ashe ya fi Mijinyawa. Wani tsoho ya ce, "Allah ya dubi tsayuwar Malam Mijinyawa, ya kawo mahita." Jama'a suka ce amin.

A bakin kasuwa, yana kwance jakinsa, ya ji an yi masa sallama. Mijinyawa ne, a ƙafa, da hula ba rawani. Ashe yana cikin taron.

Ya ce, "Yaya, Allah shi saka da alheri. Yarinyar ta tsira." Sannan ya ce, "Ranar da niz zo Shagari, ka san wannan babin?"

Sodangi ya ci gaba da kwance igiya. Ya so ya ce daga baya ya gano, amma girman kansa bai bar shi ya ce akwai ranar da bai sani ba.

Ya ce, "Na sani."

Mijinyawa ya gyaɗa kai a hankali, irin yadda yake yi idan karatu ya shige shi. Ya ce, "Takardar ma na gane hannun. Ba wanda na hwaɗa wa, ba kuma wanda za ni hwaɗa wa." Ya ce idan Sodangi ya sami sarari ya riƙa zuwa Sifawa ranar Alhamis, akwai ɗalibai da ke kawo tambayoyin da suka fi ƙarfinsa, ga zauren malaminsu ya ishe su su biyu.

Sodangi ya nemi fushi a fuskar mutumin ko gori a muryarsa, abin da zai riƙe ya tafi da shi gida. Bai samu ba. Ya ce zai duba, ya hau jaki.

Bai je Sifawa ba, ko sau ɗaya. Ya ci gaba da karantarwa a Shagari, ana kawo masa mas'aloli masu wuya yana warwarewa, har Maniru kan aiko masa da tambaya a rubuce. Maganar Joji da alƙalai kuwa ya daina ta a karatun safe, ɗalibai suka ɗauka tsufa ne. Safinatu ta yi aure a shekara ta biyu, mijinta na noma rabin fadamar, Husaini na noma rabi, ba sa gaisawa.

Duk ranar kasuwar Shagari, Sodangi kan zauna a rumfar wani mai sayar da goro da ke zuwa daga wajen Sifawa. Sai su yi hirar ruwa da farashin gero da ciwon ƙafa, a daɗe ana yi. Can idan zai tashi, yana kakkaɓe riga, sai ya tambaya kamar abin bai dame shi ba, ko har yanzu ana cika a zauren nan. Mai goro ya ce ana cika, har waje ake shimfiɗa tabarmi. Sodangi ya ce madalla, ya ɗauki sandarsa ya nufi gida.